Inbata a Ɗaki Mai Taya: Kawo Wuta Ba Shi Ne Shaida Ba

Shirin yau na masu wayarin ne, da masu harkar sola, da duk wanda ya taɓa ɗaura inbata a kan batir, ya ga ƙwai ya kama, fanka ta juya, ya kaɗe hannu ya ce aiki ya kammala. Sai dai za mu ɗauko zancen daga nesa, daga ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota ta ja, wanda Turawa ke kira karaban.

A Ingila abin ya kwana biyu. Tun a 1885 wani tsohon likitan sojan ruwa, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan taya a birnin Biristol, dawakai na jan sa, don yawon buɗe ido kawai. A 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu, tana nan har yau. Karaban na zamani kuwa gida ne sosai da aka matse cikin 'yan mitoci: ga gado, ga murhun gas, ga firji, ga makewayi. A Ostareliya akwai dattawan da in sun yi ritaya sai su ɗaura shi a bayan mota su nausa daji wata da watanni, inda babu turken lantarki ko ɗaya.

Wayarin iri biyu ne a cikinsa. Akwai na bolt 12, daga batir ɗin ɗakin, shi ke kunna fitilu da famfon ruwa. Akwai kuma na bolt 230, mai soket irin na gida, wanda ba ya aiki sai an isa sansanin da aka tanada, an jawo doguwar waya mai shuɗin filogi an jona a turken wutar wurin. Da an bar sansanin, soket sun mutu. A nan inbata ke shigowa, ta karɓi bolt 12 na batir ta mayar da shi 230.

Wani zai ce ina ruwanmu. To, wutar Najeriya bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, daidai da ta Ingila, har filoginmu mai ƙafa uku daga can muka gada. A Nijar ma ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, filogin ne ya bambanta. Kuma motar asibitin tafi-da-gidanka, da motar shela mai lasifika, da shagon kwantena na mai cajin waya, dukkansu akwatin ƙarfe ne da batir da inbata a ciki. Abin da ke ƙona karaban a can shi ke ƙona waɗannan a nan.

Ga abin da nake so ya zauna a ran kowa kafin mu shiga lissafi. Wayarin mai kisa ma yana kawo wuta. Fis da atin da bireka ba sa ƙara wa ƙwai haske ko kaɗan, shi ya sa mai aiki ke iya tsallake su, mai kaya ya biya kuɗi yana godiya. Sai ranar da wani abu ya lalace ake gane an sa su ko ba a sa ba.

Mu fara da ɓangaren da aka raina, na batir. Kowa ya san bolt 12 ba ya jan mutum, ka dafa kawunan batir biyu da hannu ba abin da za ka ji. Don haka ake yi masa riƙon sakainar kashi. Alhali gobara daga nan ta fi tashi.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya kuma yawan wutar da ke bi ta cikin waya, ita ce ke sa waya ta yi zafi. In ka ninka su biyun ka samu wat. Na'ura mai cin wat 1,000 a kan bolt 230 amfiya 4 da 'yan kai take ja, siririyar waya ta ishe ta. Amma wat 1,000 ɗin nan daga batir zai fito, a kan bolt 12. Raba 1,000 gida 12, ka samu 83. Ɗora abin da inbatar kanta ke ɓarnatarwa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ka ɗora saukar da ƙarfin batir ke yi in an aza masa kaya, sai ga ka a bakin amfiya 100. Masu sana'ar sun sauƙaƙa wa kansu: a kan bolt 12, raba wat gida 10, abin da ya fito shi ne amfiyarka. Wat 2,000, amfiya 200. Amfiya 100 kuwa, jama'a, irin wutar da mai walda ke narka ƙarfe da ita ce.

Yanzu a ce wani ya ɗauko wayar soket ta gida, mai lamba 2.5, ya haɗa batir da inbata a nisan mita 2. Zuwa da dawowa mita 4 ke nan. In amfiya 100 ta bi ta ciki, kusan bolt 3 daga cikin 12 a hanya za su zube, su koma zafi: wat 280 a jikin wayar da ke kwance bayan katako, ƙarƙashin gadon da mutum ke barci. Robar za ta yi laushi, ta narke, ta kama. In mai lamba 35 aka sa a wannan nisan, abin da zai zube ɗaya bisa biyar ne na bolt guda, zafin kuma wat 20 kacal. Shi ya sa ake kafa inbata kusa da batir, a bar wayar 230 ta yi doguwar tafiyar, tunda ita ba ta ɗauke da amfiya mai yawa. Baƙar waya kuma kaurinta ɗaya da ja, kuma kai tsaye za ta koma kan batir. Kada a ce a ɗaura ta a bodi a huta.

Lambar nan da muke faɗa, faɗin bakin jan ƙarfen ne da ke ciki, a milimita murabba'i. A kasuwa akwai waya mai ƙatuwar roba da ɗan ƙarfe kaɗan a tsakiya. Akwai kuma wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a bayanta, ba ta ɗaukar fiye da kimanin kashi 60 cikin ɗari na abin da ta gaskiya ke ɗauka. Ka ɗaga ta za ka ji ba nauyi, ka kankare silin da wuƙa za ka ga fari. Araha dai ba ta ado.

Sai fis, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan aka fi yin ganganci. Za ka ji mutum ya ce ai inbatar tana da fis a cikinta. Gaskiya ne tana da shi, amma kanta yake karewa. Tsakanin batir da inbatar fa? Jar wayar nan mai kauri tana ratsa ƙarfe, ɗakin kuma yana tafiya, yana faɗawa rami, yana jijjiga. Ranar da bakin ƙarfe ya ci robar, jan ƙarfe ya taɓa bodi, batir zai juye duk abin da ke cikinsa ta wannan wurin, amfiya ɗaruruwa, na litiyom ma dubbai. Babu makunnin da za ka kashe. Wayar za ta yi jawur cikin daƙiƙoƙi, kuma fis ɗin cikin inbata bai ma san ana yi ba, don wutar ba ta iso gare shi ba.

Saboda haka wurin zaman fis a kan jar waya ne, dab da kan batir. Ƙa'idar masu ƙera jiragen ruwa ta Amurka, wadda masu karaban da yawa ke ara, ta ce kada ya wuce inci 7 daga kan batir, wajen santimita 18. Duk guntun wayar da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaro, shi ya sa ake gajarta shi. Girman fis ɗin kuma ya ɗara abin da inbatar ke ja, amma ya gaza abin da wayar ke iya ɗauka. Inbata mai wat 1,000 da waya mai lamba 35, fis mai amfiya 150 ya zauna daidai, sai dai in littafin inbatar ya faɗi wata lamba, to tasa za a bi. Kada a ɗauko birekar gida a sa a nan. Wutar gida tana juyawa, tana sauka sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsinta na mutuwa da kansa. Ta batir ba ta sauka, in an raba ta da kayan da ba nata ba sai harshen wuta ya tsaya tsakanin ƙarafan yana ci. Al'adar nan kuma ta naɗa silin waya a gurbin fis in ya ƙone, a wannan layin ba a yin ta ko da wasa. Bayan fis a sa babban makunni mai raba batir da komai, a inda hannu zai kai cikin duhu.

Mahaɗa ma wurin tashin wuta ce. A ce noti bai ɗauru ba, ya bar 'yar turjiya da ba ta wuce ɗaya bisa ɗari na om ba. A kan amfiya 100, wat 100 ke nan na zafi a wurin da bai fi farce ba. Don haka kan waya tamina ta jan ƙarfe ake sa masa, a matse da abin matsewa na ainihi. Dukan guduma da murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba aiki ba ne. Tamina ta kwanta a jikin kan batir ƙarfe da ƙarfe, wosha daga sama take zama, ba a tsakaninsu ba. Maƙalan nan masu bakin kada da ke zuwa cikin kwalin ƙananan inbata na ɗan lokaci ne, ba na zama ba. Soket ɗin kunna sigari na mota kuwa fis ɗinsa yawanci amfiya 10 ne zuwa 15, iyakarsa cajin kwamfuta.

Tunda ɗaki ne mai tafiya, waya mai sili-sili ake sa wa, mai lanƙwasuwa. Mai ƙarfe ɗaya sandararre ta gini ce, jijjiga na karya ta. Duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ta ware wa karaban sashe guda, na 721, har ta faɗi tazarar maƙale waya: kada ta wuce santimita 25 a kwance, 40 a tsaye. Wayoyin 12 da na 230 kuma kowa da hanyarsa.

Wajen ɗaurawa, a cire zobe da agogon ƙarfe, a naɗe jikin sifana. In akwai sola, ita ake fara rabawa. A cire baƙin kan batir da farko, a mayar da shi a ƙarshe. A duba ja da baƙi sau biyu, don juya su sau ɗaya ya isa ya kashe inbata nan take. Kuma haɗin farko yakan yi tartsatsi, saboda kayan cikinta na zuƙar wuta da ƙarfi kafin su cika. A bar babban makunnin a kashe har a gama ɗaure komai, don kada tartsatsin ya tashi a saman batir.

(KIƊA)

Jama'a, har yanzu muna kan batun inbata a ɗaki mai taya. Kafin mu haye ɓangaren 230, bari mu tambayi batir ɗin ko zai iya.

Batir ɗin karaban na gama-gari na dalma ne, mai lamba 100 ko 110, wato amfiyar da zai bayar in an ninka ta da awannin da zai yi yana bayarwa. In ana so ya yi ƙarko, rabinsa kawai ake ci, wato wajen 55. Talabijin da kwamfuta, wat 100 gaba ɗaya, amfiya 10 ke nan, za su yi awa 5. Wat 1,000 kuwa a takarda rabin awa ne, a zahiri bai kai ba, don lambar da ke jikin batir an auna ta ne a kan ja a hankali na tsawon awa 20. Tun 1897 wani Bajamushe, Wilhelm Peukert, ya nuna cewa batir ɗin dalma in an matsa masa ja, abin da zai bayar raguwa yake yi. Wanda ya ɗaura inbata mai wat 2,000 a kan batir ɗaya ya jona butar lantarki, kukan inbatar zai ji kafin ruwan ya tafasa. Na litiyom ya fi juriya, amma a cikinsa akwai na'urar tsaro mai iyaka, da yawa amfiya 100 ce, in an haura ta yanke. Ra'ayina a nan a fili yake: duk abin da aikinsa dumama ne, buta, hita, dutsen guga, a bar wa gas ko wutar turke. In kuma lallai ana son wat 2,000 zuwa sama, a koma bolt 24, amfiyar ta ragu da rabi.

A duba lambar jikin inbatar da kyau. Wadda aka rubuta wa VA 1,000 wajen wat 800 take bayarwa, kuma a sanyin digiri 25 aka auna. A zafin bazara irin namu, ko na dajin Ostareliya, ƙarfinta sauka yake yi. Firji da duk abin da ke da mota a ciki kan ja ninki uku ko fiye a lokacin tashi. Sannan inbata iri biyu ce: mai fitar da wuta sumul irin ta turke, da mai araha wadda tata ke fita da tsalle-tsalle. Ta biyun na sa fanka gurnani, mota ta yi zafi, wasu cajoji su lalace. Motar da ke ɗauke da kayan asibiti ba ta da zaɓi sai ta farkon. Mai sayen ta gwanjo kuma ya karanta farantin bayanta, don wadda aka yi wa Amurka bolt 120 take fitarwa.

Wurin kafa ta ya zama busasshe, mai iska, ba a cusa ta cikin barguna ba, kuma a riƙa busa ƙurar hunturu daga fankarta. Kusa da batir, amma ba cikin akwati ɗaya da batir mai ruwa ba, don in yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda kashi 4 cikin ɗari nata a iska ya isa ya kama da tartsatsi ɗaya. Wurin ajiye tukunyar gas kuwa ko wayarta kada ta bi ta nan. A Ostareliya ƙa'idar da suka sabunta a 2022 ta hana ajiye batir ɗin litiyom a inda mutane ke zama, sai an killace shi an fitar masa da numfashi waje. In mota ce mai injin kanta, batir ɗin tayar da injin daban, na inbata daban. Kuma in ba a aiki da ita a kashe, don ko ba a jona komai ba wata kan sha wajen amfiya 1, kwana ɗaya ta cinye kusan rabin abin da aka yarda a ci.

To, ga mu a ɓangaren 230. Wannan wutar daga ɗan batir ta fito, amma kisanta ɗaya da ta turke.

Hanya mafi aminci ita ce wadda ba ta taɓa wayarin ɗakin ba sam: ka jona na'ura guda a soket ɗin jikin inbatar, ka gama ka cire. Mai binta ita ce a ja sabon soket ɗaya ko biyu daga inbatar kaɗai, a manna musu alama, ba abin da ya haɗa su da sauran. Amma mutane sun fi son duk soket ɗin ɗakin su kawo, kuma nan ne ake shiga uku.

Wani sai ya yanko waya ya sa mata filogi kai biyu, ɗaya a inbata, ɗaya a soket ɗin bango. Nan take ko'ina ya kawo, ya ce ya yi dabara. Ku dubi abin da ya haɗa. In kai ɗaya ya zare, ƙafafunsa tsirara suke da bolt 230. A jikin karaban daga waje akwai mashigar wuta mai ƙafafun ƙarfe, yanzu su ma da wuta, daidai tsayin hannun yaro. In kuma ya manta ya jona wutar sansani a kai, wuta biyu da ba sa juyawa tare sun gamu, inbatar ce za ta tashi. Mu ma mun san wannan da janareto: wanda ya tura wutarsa cikin wayarin gida ba tare da raba layin waje ba, taransifoma na iya ɗaga ta zuwa bolt 11,000 ta sami ma'aikacin da ke kan turke, wanda ya hau da sanin an ɗauke wuta. A ce tsautsayi, alhali wani ne ya haɗa shi da hannunsa.

Maganin shi ne abin da masu wayarin ke kira cenji-oba, makunnin da ke zaɓar ɗaya cikin biyu, ya saki wannan kafin ya kama wancan. Kuma ya zama yana raba wayoyi biyun duka, mai wuta da nutural. Dalili kuwa, a wasu sansanonin, musamman in Baturen Ingila ya tsallaka Faransa ko Jamus, yakan tarar wayoyin a juye, wadda ya ɗauka nutural ita ce mai wutar. Shi ya sa bireka a karaban ke yanke duka biyun. Manyan inbata masu caja a ciki, irin MultiPlus na kamfanin Victron, suna yin wannan canjin da kansu. Wasu kuma sukan ɗauki doguwar wayar sansanin su jona ta daga inbata zuwa mashigar ɗakin. Wannan ya fi filogi mai kai biyu nesa ba kusa ba, tunda mashiga ɗaya ce, ba ta karɓar wuta biyu a lokaci guda. Amma bai raba mutum da matsaloli biyu da ke tafe ba.

Ta farko ta asara ce. Cajar batir ɗin ɗakin tana kan layin 230. Da inbata ta kawo, sai cajar ta tashi ta fara cajin batir da wutar da aka ciro daga batir ɗin, kowane zagaye ana zubar da wani kaso a zafi, har ya ƙare ba a kunna komai ba. Firjin karaban mai aiki da gas ko lantarki shi ma in ya ji 230 yakan bar gas ya koma can, haka hitar ruwa. Waɗannan ukun a ware su a layin da wutar turke kaɗai ke shiga.

Ta biyun ta rai ce, a saurara da kyau. A akwatin birekar karaban akwai na'urar da ake kira RCD, wasu a nan sun fi saninta da tsohon suna ELCB. Aikinta awo: wutar da ta fita ta waya mai wuta, ita ce ta dawo ta nutural? In aka samu giɓin miliamfiya 30, alamar wuta na zurarewa ta wani wuri, wataƙila ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Amma kafin a samu giɓin, sai wutar da ta zurare ta sami wata hanyar komawa tushenta. A wutar turke an tanadi wannan, don an haɗa nutural da atin tun daga taransifoma. Ƙananan inbata da yawa ba su da wannan haɗin, ɗakin kuma a kan taya yake.

Ga yadda abin ke faruwa. Wayar cikin wata na'ura ta goge ta taɓa jikinta na ƙarfe. Ba abin da ya yanke, ba wanda ya ji komai, aka ci gaba da harka wata guda ko shekara. Ran nan wata na'urar ta samu irin wannan lahani ta ɗaya wayar. In atin ɗin ɗayansu ya tsinke, ko dama ba a ja shi ba, to tsakanin jikin wannan da jikin waccan akwai bolt 230 cif, ana jiran wanda zai dafa su tare. RCD ba za ta motsa ba, don a awonta abin da ya fita shi ya dawo.

Wani zai ce ai na danna maɓallin gwajin da ke jikinta, ta faɗi. Maɓallin nan a cikin na'urar yake ƙirƙiro giɓinsa, ya nuna maka ƙarafanta ba su maƙale ba. Zai faɗi ko an haɗa nutural da atin ko ba a haɗa ba. Bai gaya maka komai ba game da ranar da wuta za ta bi ta jikin mutum.

Abin da ake bukata shi ne a haɗa nutural da atin a bakin inbatar, kafin RCD, a kuma ɗaure notin atin na jikin inbatar da casis, duk ƙarfen ɗakin ya zama a haɗe. Sai dai a nan ma da tarko biyu. Akwai inbata masu araha da aka ƙera su da rabin wutar a kowace waya, in ka haɗa ɗaya da bodi ka ƙona ta, ko ka tura wuta ɓangaren batir. Littafinta ne zai faɗa, in ya hana, to wannan ta na'ura ɗaya ce a soket ɗin jikinta, ba ta shiga wayarin ɗaki. Na biyu, haɗin nan dole ya buɗe in an koma wutar turke, in ba haka ba RCD ɗin sansanin za ta yi ta faɗuwa. Inbata masu caja na kirki suna da ɗan makunni a ciki da ke rufe haɗin in suna kan batir, ya buɗe in wutar waje ta zo. Wannan ba aikin koyo a kai ba ne. A Ostareliya doka ce, ba mai taɓa ɓangaren 230 sai mai lasisi. Mu da ba a tsare mu haka, mai kaya ne zai tsare kansa: ka tambayi mai wayarin ɗinka, malam, ina ka haɗa nutural da atin, kuma me ke buɗe shi in wutar turke ta zo? In ya tsaya kame-kame, nemi wani.

In an gama, kada a sallami mai aiki sai an yi gwaji da kaya a kai. A kunna abu mafi nauyi da za a riƙa amfani da shi, a bar shi minti 10 zuwa 15. Yana ci, a sa mita a auna bolt a kan batir, a auna a bakin inbata. In bambancin ya doshi rabin bolt, ko waya ta yi siriri ko wata mahaɗa ba ta ɗauru ba. A kashe, a bi taminonin ɓangaren batir da bayan hannu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fi 'yan'uwanta zafi a kwance ta a sake. A gwada RCD da mitar gwajinta, wadda ke zurar da wuta ta atin da gaske, sau ɗaya a kan inbata, sau ɗaya a kan wutar turke. Inbata na aiki, a auna ƙafafun mashigar waje a tabbatar ba ko ɗigon wuta. Bayan tafiyar farko a sake bin notuna, don hanya na sassauta su. A rataya na'urar jin hayaƙi a rufi, tukunyar kashe gobara mai gari kuma a bakin ƙofa. A Birtaniya takardar da ake mannawa kusa da akwatin birekar karaban na ba da shawarar a kai wa ƙwararre ya duba wayarin duk shekara 3, in ana yawan tafiya da shi kuwa duk shekara. Motar da ke bin hanyoyin karkara kullum, ta shekara-shekara ce tata.

A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.